Na Je Wagadugu Kallo, Aka Kalle Ni

Tun ranar da na dawo daga Wagadugu tabarmar tsakar gidana ba ta huta ba. Wannan ta shigo wai aron rariya, ta zauna. Waccan ta ce ta zo duba ƙafata, ta zauna. Kowacce tambayarta ɗaya: wai me na gano? Na faɗa har maƙogwarona ya bushe, kuma na lura labarin yana fita unguwarmu Banifandu da ƙafa biyu ya dawo mini da huɗu. Jiya a gidan suna aka rantse mini wai wani Bature ya taya ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a maido mini da rariyata.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni Yamai daga Maradi, iyakata kasuwar Pati Marshe, gidan biki, gidan rasuwa. Abin da ya fitar da ni ɗana ne na fari. Sunansa ba zai fito a takardar nan ba, don ba a haife ni a gidan da uwa ke kama sunan ɗan fari ba. Mu ba a kiransa, ba a yabonsa, ba a zama ana kallon fuskarsa. In ya shigo gaisuwa sai in juya in kama wani aiki, in amsa wa bango. Ƴan zamani sun ce ƙauyanci ne. Su suka sani.

Yaron nan tun yana lakwal, wato makarantar boko, bangon gidanmu bai huta da gawayi ba. Da ya girma ya koma fenti, yana shafe-shafe a kan yadi, abin da suke kira tablo. Shekarun da ake samun ruwa Alhaji, maigidana, bai damu ba. Amma bana kun ga yadda aka yi. Damina ta ƙi, dangi sun taso daga ƙauye sun cika gida, muna cin jar dawar taimako wadda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sa baki. Mai tsaron kantin Alhaji ya koma garinsu. Alhaji ya ce ga ƙato yana cin tuwo yana ɓata yadi, ya zo ya zauna kanti ya auna shinkafa. Ana cikin haka aka gayyaci yaron wata babbar kasuwa a Wagadugu, wadda ba a kasa komai a cikinta sai zane da sassaƙa irin na zamani. Ya roƙa a bar shi ya je.

Alhaji ya kira ni ɗaki, ya ce, “Zai je, amma ke ma za ki. Ki gano mini da idonki, sana'a ce ko shiririta. In kika ce shiririta ce, ranar da ya dawo ranar zai kama tiya.”

Na ce, “Alhaji, ga Dije. Ita ke jin Faransanci.”

Dije ƙanwarsa ce, ungozoma a asibiti. Ita ta yaye yaron, ta riƙe shi har ya shiga lakwal.

Ya ce, “Dije? Ko kashin kaji yaron nan ya shafa a yadi za ta ce turare ne. Ku tafi tare, amma ke ce ba ki taɓa yabonsa ba. Maganarki zan kama.”

Kun ji inda aka ɗaure ni. In na ce shiririta ce, na yanka ɗana. In na ce ya iya, na yabi ɗan fari da bakina a gaban ubansa, abin da uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba.

Shi ya riga mu tafiya da kayansa a bayan kamyo, babbar motar kaya. Mu muka shiga kar, motar fasinja, da safe. Na ɗauko ƙullin yaji, da dawon fura, da buta, da ƴar tukunyata, don ban san irin tukunyar mutane ba. Dije ta ce, “Matar yaya, ba ki ɗauko murhun ba? Ai da kin ciro ƙofar ɗakin ma, ko can babu.” Na ce in yunwa ta kama ta kada ta kalle ni. Da muka hau gadar kogi na rufe ido ina salati, sai na ji wani tsoho Bazabarme da ke gefena yana cewa in buɗe, kogin ma bana ba shi da ruwan da zai ci mutum.

Gaskiya ya faɗa. Daga nan har Torodi surutu ya mutu a motar. Mushen shanu gefen titin gudron kamar an shanya fatu, Fulani suna tafe kudu da abin da ya rage. Wata mai goyo ta miƙo hannu ta taga. Dawon furata a nan ya tsaya, kuma Dije ba ta yi tsokana ba.

Shingen soja kuwa ban ƙirga ba. Kowane shinge a sauka, a yi layi, a nuna katin shaida, a hau. Ƙafata har ta koyi sauka ba sai na ce mata ba. Amma a Makalondi, bakin iyaka, nan na kusa kwana. Wani jandarma ya riƙe katina ya ce, “Dalilin tafiya?”

Na nuna Dije na ce, “Ɗan wannan matar za mu gani.”

Dije ta ce, “Ɗanta ne.”

Na ce, “Nata ne.”

Ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, “To, ya sunansa?”

Na kalli takalmina.

“Hajiya, za ki tsallaka ƙasa wurin mutum, ba ki san sunansa ba?”

Dije ta faɗi sunan, ya ce ba ita ya tambaya ba. Kun san zamanin nan, ba a wasa da mai kaki. Aka ware ni gefe ƙarƙashin wata bishiya, direba yana ta huci, fasinja suna leƙe. Can sai ga babbansu ya fito, mai tsagar Gobirawa. Aka gaya masa an kama wata mai ɓoye suna. Ya zo ya tsaya a kaina, ya ce, “Inna, na fari ne?”

Na sunkuyar da kai.

Ya kwashe da dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, “Ku ba ta katinta. Ni da galona a kafaɗa da komai, har yau tsohuwata ‘kai wancan’ take ce mini.”

Can ɗaya gefen, a Kancari, sojojinsu yara ne, kuma kowa kamarad suke ce masa, babba da yaro. Wani da na haifi yayansa ya ce mini, “Kamarad, buɗe jaka.” Na ce da Dije ta tambaye shi ko tare muka yi wasan ƙasa. Ta ƙi fassarawa. Ya zaro ƙullin yajina, ya juya shi, ya kwance, ya kai hanci. Ban hana shi ba. Muna hawa mota yana atishawa, muka bar garin yana yi.

Wagadugu gari ne na mobilet, ƙaramin babur ɗin nan. Maza a kai, mata a kai. Na ga mace da goyo a baya, kwano a ka, kaza a rataye, tana tafe tana hira da wata a kan nata mobilet ɗin. Na ga tsohuwa sa'ar uwata ta wuce mu a guje har tana yi wa direbanmu faɗa. Mu a Banifandu in mace ta hau keke sai an yi wata ana zancen.

Muka sauka a Zango, gidan wata Hajiya Asabe, matar abokin cinikin Alhaji. Hausawa ne, amma tun kakanni suke can, Hausarsu ta ɗan sha rana. Aka tare mu da abin da suke kira zomkom, ruwan garin gero da tsamiya da sukari. Da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, amma kamar fura ce aka yi wa rowa. Tuwonsu laushi, ba ya tsayawa a hannu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wake. Ɗanye shar suke tsinke shi da kwansonsa, su yayyanka, su zuba a shinkafa, su zuba a miya. Na ce da Hajiya Asabe, “A shekarar yunwa, ba za ku bari ya nuna ba?” Ta ce na Turawa ne, jirgin da zai kwashe shi ne bai zo ba, kowa sai ya ci. Tukunyata dai ba ta hau wuta ba. Ita muka riƙa karawa a ƙofa don iska.

Da yamma yaron ya zo gaishe mu. Na juya ina gyaran jaka. Na ce, “Dije, tambayi wancan ko yana cin abinci.” Ta ce, “Ga shi nan bayanki, kunnensa biyu.” Ya ce, “Gwaggo, ki ce mata ina ci.” Hajiya Asabe ta tsaya da buta a hannu tana kallonmu kamar masu wasan rediyo.

Yanzu ga shawara ga duk wadda Allah zai kai irin wannan kasuwa, don ni an ba ni ban ɗauka ba. Dije ta ce in sa silifa, in ci in ƙoshi, mu zagaya da sauri tukuna, sannan mu koma wurin abin da ya burge mu. Ni kuwa na sa sabon takalmin salla. Wurin kamar filin idi ne aka yi wa rufi, an yanyanka shi rumfa-rumfa da fararen bangaye. Ƴan Mali, ƴan Senegal, ƴan Gana, Turawa, kowa da kayansa. Kasuwa ce, amma ba mai kiran ciniki. Ba a taɓawa, ba a tayawa da ƙarfi. Mutum zai zo gaban tablo ya harɗe hannu, ya ja da baya, ya karkata kai kamar kaza ta hango shaho, ya ce “hmm,” ya wuce. Ba sallama, ba Allah ya ba da kasuwa.

Ni ba zan iya ba. Kowace rumfa na tsaya na gaida mai ita, na tambayi gajiya, na tambayi mutan gida, na tambayi ruwa a ƙasarsu. Dije tana fassarawa tana cizon haƙori. Sannan na lura da wani abu da ya tayar mini da hankali: duk wannan kallo da ake yi wa kayan mutane, ba mai cewa tubarkalla. Ido a kan ido, baki a kan baki! Sai na ɗauki aikin a kaina. Wani ya shafa baƙi wuluk a yadi ya ɗiga fari a tsakiya, na ce tubarkalla. Wata ta ɗinke tsofaffin buhunan taimako ta yi bargo ya kai bango, na ce tubarkalla, na kuma duba ɗinkin, hannunta yana da kyau. Wani ya zana mutane dogaye ba kai, na ce tubarkalla, Allah ya sawwaƙe. Hantsi ya yi ba mu gama layin farko ba, takalmi kuma ya fara cin diddigena.

Can Dije ta matse mini hannu ta ce, “Ga rumfarsa can.”

Na hango hularsa. Na ja na tsaya. An aiko ni in gani da idona, amma yaya zan je in tsaya gaban kayan ɗan fari ina karkata kai, shi yana kallona, duniya tana kallona? Sai dabara ta zo mini. Rumfar da ke fuskantar tasa ta wani ƙaton mutum ce daga Togo, ya ƙera tsuntsu da tarkacen mobilet. Na je na tsaya gaban tsuntsun, na ba rumfar yaron baya. Na ce a raina, ido ba zai gani ba, amma kunne ba a hana shi ba. Shekara nawa ina zama a bayan labulen kantin Alhaji? Na san muryar mai saye, na san muryar mai shan inuwa.

Mutumin Togo ya ga Hajiya da mayafi ta kafe gaban tsuntsunsa, ya ce kasuwa ta zo. Ya kawo kujera, na ƙi zama. Ya kawo bisap mai sanyi, zoɓo ke nan, wannan na karɓa. Ya buɗe fiffiken ya rufe, ya nuna mini idon fitila ne. Ya ɗaga yatsu yana nuna mini kuɗinsa, na yi shiru. Ya rage ɗaya, na yi shiru. Ya share gumi ya ce da Dije bai taɓa ganin mai iya ciniki kamata ba.

Ni kuwa hankalina yana baya. Da fari ƙafafu ne ke wucewa. Sai na ji suna tsayawa. Sai na ji “hmm” ɗin nan ya yi yawa, ya koma “a!” Wani ya yi dariya, wata ta kira ƙawarta. Sai ƙyat, ƙyat, ana ɗaukar foto. Na ce to, yaron ya tara mutane. Na ɗan waiga in saci kallo, sai jama'a suka ɗauka gaba ɗaya, “Madam, madam, silbuple!” suna yi mini alama da hannu in koma yadda nake. Wata Baturiya har ta zo ta kama kafaɗata ta gyara mini tsayuwa, ta ja mayafina gefe kaɗan.

Na ce, “Dije, me na yi wa mutanen nan?”

Dije dariya ta ci ƙarfinta. Ta riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ƙyar ta ce, “Tsaya dai, matar yaya. Kina aiki.”

Na tsaya. Me zan yi? In na juya, ga shi. In na tafi, ban gano komai ba. A nan ne wani Bature ya tambayi Dije ko kullum ake kawo ni, ko yau kaɗai. Kun ji asalin maganar tayi. Ba wanda ya taya ni.

Cikin hayaniyar nan na tsinci wata murya, ta dattijo, ba ya sauri. Bai ce “a” ba, bai ce “hmm” ba. Tambaya yake, ya yi shiru, ya sake tambaya. Ya tafi, na ji takunsa ya dawo. Sai na ji yaron yana ba shi amsa. Jama'a, yaron nan da a gida in ya ce “ina kwana” ya gama maganar yini, shi ne yake zuba kamar an buɗe famfo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, Faransanci ne. Amma na san muryar. Irin ta Alhaji ce in ya damƙi shinkafa a hannu yana gaya wa mutum daga inda ta fito. Dattijon ya yi wata ƴar dariya ta ƙasan maƙoshi, irin wadda tela ke yi in ya juya rigar wani telan ya ga cikin ma a gyare yake. Daga baya Dije ta ce babban mai zane ne daga Mali, yana so yaron ya kai kayansa wata kasuwar baɗi.

Sai tsoro ya kama ni. Duk wannan taro, duk wannan yabo, ba wanda ya ce tubarkalla. Na yi wa baƙin yadi, na yi wa marasa kai, nawa ne zai tashi a banza? Na zunguri Dije, tana can tana dariya. Sai na kafa wa tsuntsun ƙarfen nan ido, na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, “Tubarkalla masha Allah! Allah ya tsare daga bakin mutane, ya sa albarka a hannun da ya yi!”

Mutumin Togo ya dafe ƙirji, ya rusuna, ya rage wani yatsan. A bayana kuwa Faransancin ya tsaya cak. Can na ji an ce a hankali, da Hausa, “Amin.”

Da azahar yaron ya tafi salla, Dije ta ja ni ta ce yanzu ba ni da hujja. Na juya.

Tablo ne ya fi ƙofar zaure. Mace ce ta ba da baya, ta duƙa tana tankaɗen jar dawa, jan ya tashi ya cika sama kamar gobara. Ba fuska. Sai ɗaurin kallabi ya karkata hagu, da ƙeya, da kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Gefensa wasu ƙanana: bayan mace tana wanki, bayan mace tana fifita wuta, bayan mace tana amsa wa bango.

Na ce, “Wace ce wannan mai faɗin baya kamar tabarma?”

Dije ta ce, “Ke dai ba ki taɓa ganin bayanki ba. Shi kuma bai taɓa ganin wani abu ba sai shi.”

Na matsa kusa. Wallahi har yagewar rigata ta aiki, wadda nake cewa ai a baya take ba mai gani, ya sa ta. Mali ta gani, Senegal ta gani, Turawa sun ɗauka a foto. Na ce, “Ɗan banza.” Sai kuma wani abu ya shiga mini ido, wurin da ƙura, na ce da Dije mu fita takalmi yana cina.

Dawowa ba labari, sai dai sojan Kancari ya gane ni, ya ce kamarad ta wuce ba sai an buɗe ba. Duk hanya ina juya abin da zan faɗa, har muka hau gada ban tuna na rufe ido ba.

Alhaji ya bari muka ci abinci, sannan ya zauna a kujerarsa. Yaron yana zaure, na san yana ji. Dije ta buɗe baki, “Yaya, in ka ga mutanen da...” Ya ɗaga mata hannu. Ya dube ni ya ce, “To?”

Na ce, “Alhaji, kada ka sa yaron nan a kanti. Karya ka zai yi.”

Ya ce, “Kamar yaya?”

Na ce, “Mutum ne da za a zo sayen shinkafa ya tsaya kallon ƙeyar mai saye. In aka tambaye shi abu ɗaya sai ya yini yana bayani, layi ya taru har waje, dattawa su tafi su dawo. Ba ya jin kira, ba ya ganin rana ta yi. Ba abin da hannunsa ya iya sai wannan shafe-shafen. Ni ban ga amfaninsa a wani wuri ba.”

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, “Har haka ya lalace?”

Na ce, “Ya fi haka.”

Ya kalli rufin ɗaki, gefen bakinsa yana motsi. Ya ce, “To, Allah ya shirya. A bar shi da fentinsa. Cikin dangin nan da suka cika mini gida ba za a rasa mai riƙe tiya ba.”

Washegari da safe yaron ya shigo gaisuwa, ya durƙusa inda ya saba. Na juya masa baya kamar kullum, na amsa wa bango. Sai dai yanzu, kafin in ji takunsa, na riga na sa rigar kirki.